Daminar Garin Katako

Damina ce, tsakiyar marka, irin wadda rana kan yi kwana uku ba ta leƙo ba. Shekarar ma haka take, a jiƙe, a takure. An yi zaɓe a shekarar da ta gabata an soke shi, ƙasa ta ƙi kwanciya, daga baya ma'aikatan man fetur suka ajiye aiki. Mu mata ba mu san kan zancen sosai ba, maza ne ke kewaye rediyo suna musu har muryarsu ta dushe. Abin da muka sani shi ne kananzir ya ɓace. Ga matatar mai a bayan garinmu, amma kwalba ɗaya ta gagari mai risho. Titin Kakuri da ba ka iya tsallakawa sai ka yi addu'a, ya koma na kekuna da masu tafiya a ƙasa, har awaki na kwanciya a tsakiyarsa.

Abin da ya tuno mini da ita, bana na je Gonin Gora zaman jegon 'yata Alheri. Da safe na ɗora babbar tukunyar ruwa a kan gas, sai mijinta ya shigo kicin, ya ɗaga tukunyar gas ɗin ya ɗan jijjiga, ya ajiye, ya fita. Mai kunya ne, amma na gane sauran gas ɗin yake aunawa. Na miƙa hannu na rage wutar. Alheri ta ce daga ɗaki, "Mama, ɗumi kawai ya isa fa." Na ce to. Na tsaya ina kallon shuɗiyar wutar nan mai tsabta, wadda kake kunnawa ka kashe yadda ka ga dama, sai ƙamshin jiƙaƙƙen katako ya dawo mini a hanci kamar jiya.

A wancan lokacin muna haya a Kakuri, gida mai ɗaki takwas, rijiya ɗaya, madafa ɗaya mai rufin kwano da ke yoyo ta kusurwa. Mijina Yohanna yana aiki a masaƙa, ɓangaren rini. Ɗakin da ke kallon namu na Iya Hajara ne, dattijuwa, mijinta ya rasu, tana riƙon jikokinta mata biyu da suyar ƙosai a ƙofar masaƙa. Na kusa da rijiya kuma na Maman Terna ne, 'yar Binuwai, doguwa mai dariya da ƙarfi, Hausarta a karye amma ba ta taɓa rasa amsa ba.

Da kananzir ya ɓace aka koma itace. Itace ya yi tsada, kuma a jiƙe yake zuwa. Gawayi ya zama na guga kawai. Sai ga murhun garin katako ya shigo gari, mutane suka laƙaba masa sunan shugaban soja na lokacin, don haushi. Yara na yanzu ba su san shi ba. Babban gwangwanin fenti ne, a huda shi a gefe daga ƙasa. Ki tsayar da kwalba a tsakiya, ki zura guntun sanda ta hudar har ta taɓa gindin kwalbar, sannan ki riƙa zuba garin katako kina dannawa da taɓarya, zubi da danni, zubi da danni, har ya cika ya yi tauri. Sai ki zare kwalbar a hankali, ki zare sandar. Ramin da suka bari shi ne hanyar wuta. In hannunki ya yi rawa ramin ya rufta, sai ki juye ki sake daga farko.

Halinsa biyu ne. Ba ya son danshi ko kaɗan. Jiƙaƙƙen gari hayaƙi kawai zai ba ki har ki yi hawayen da ba ki shirya ba. Kuma in ya kama, ya kama ke nan. Ba a rage shi, ba a kashe shi a adana saura. Zai ci har ya cinye kansa, ko da tukunya ko babu. Shi ya sa a gidanmu duk wadda ta kunna nata sai ta yi shela, "Wuta ta kama!" Mai shayi ta kawo, mai ɗumamen tuwo ta biyo baya, wutsiyar wutar kuma a bar wa mai gasa masara.

Da can masu yankan katako roƙon mutane suke a zo a kwashe musu garin. A daminar nan sai da layi. Babu lantarki sosai, babu man inji, yanka ya ragu. Mata kan yi sammako su jera buhunansu a bakin rumfar masu yankan, a auna wa kowa ɗan abin da ya samu. Ki rufe da leda ki ɗoro a ka cikin yayyafi, ki zo ki shanya shi a cikin ɗaki, a kan tabarma, a ƙarƙashin gado. Ɗakunanmu duk ƙamshin kafinta suke yi. Garin na shiga gashi, na shiga tuwo, yara na ta atishawa. In kika yi sa'a, abin da kika samo ya bushe zai ba ki cikin murhu ɗaya a rana. Ɗaya tak.

A cikin wannan hali na haifi Alheri, ranar wata Asabar. Yohanna ya turo ni a kan kekensa zuwa ƙaramin asibitin unguwa, Iya Hajara na bin mu da laima da ƙullin zannuwa. Mahaifiyata ya kamata ta zo daga ƙauyenmu ta wajen Kachiya, amma babu mota. Sai wani direban babbar motar citta ya kawo mana ɗan buhu da wasiƙa. Lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba, Yohanna ne ya karanta mini. Ta ce in yi haƙuri, ta je bakin titi kwana uku ta dawo. A buhun akwai wake, da citta, da daddawa. Na rungume buhun na yi kuka.

Iya ta leƙo ta ce, "Kukan mene ne? Uwa ta ƙare a duniya ne? Tashi, ruwa ya tafasa."

Tun daga ranar ta ɗauki wankana. Kullum da yamma takan danna murhunta ta rufe shi da buhu a madafa. Da asuba, bayan ta yi salla ta gama jan carbinta, ta kunna, ta ɗora rabin duro na ruwa. Kafin ruwan nan ya tafasa, wutar ta kusa cinyewa. Ɗan abin da ya rage ta dama mini kunu a kai. Sai ta kai ni bayan gida, ta zaunar da ni a kan turmi, ta tsoma damin ganyen darbejiya a ruwan ta riƙa fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya. Tururi ya rufe mu, ruwan sama na ɗiga mana a ka ta ramin kwano, ɗacin ganyen na shiga mini baki. In na yi ƙara ta ce, "Yi ta yi. Ranar da kika ɗauko cikin ai ba ki kira ni ba." In ta gama, jikina kan yi sakayau, in yi barci kamar an ɗauke mini dutse. Ita ce ta sa wa jaririyar laƙabin Marka, har yau 'yan tsohon gidan nan da shi suka san ta.

A rana ta uku na tambaye ta, "Iya, ƙosai fa?"

Ta ce, "Wane ƙosai? Masaƙa ta rage aiki, ma'aikata ba su da ko sisi. Hutawa nake."

Na yarda, don gaskiya ne an rage musu kwanakin aiki. Ina ɗaki, ban san abin da ke waje ba.

Ranar Laraba ta mako na biyu, Yohanna ya dawo da yamma a jiƙe, yana cire takalmi ya ce, "Mutanen rini sun ishe ni da tambayar Iya. Wai ko ba ta da lafiya."

Na ce, "Ba ta ce babu ciniki ba?"

Ya dube ni. "Babu ciniki? Mutum ya taho a ƙasa tun daga Sabon Tasha da yunwa, me zai ci in ba ƙosai ba? Layi ake yi wa na gefenta. Kuma akwai wata da ta fara ajiye tirenta a gindin mangwaron Iya."

Na aika aka kira mini Maman Terna. Ta shigo tana goge hannu a zani, ta zauna a bakin gado. Da na tambaye ta sai ta kau da kai.

"Ta ce in na faɗa miki za ta yanke mini harshe."

"To ai ni na tambaya."

Ta ce, "Maman Marka, lissafi ne mai sauƙi. Murhu ɗaya take samu a rana. Ko ruwanki, ko kaskonta. Ba ya yin biyu." Sannan ta bayyana mini dokar matan ƙofar masaƙa. Wurin suya ba na kowa ba ne, babu takarda. Na mai hayaƙi ne. In Juma'a biyu suka wuce ba a ga hayaƙinki a wurin ba, kuma ba rasuwa aka yi miki ba, ba ciwo ya kwantar da ke ba, shugabar masu suya za ta ba wata. A shekarar nan kuwa matan da aka sallami mazansu daga aiki sun yi yawa, kowace na neman inda za ta kafa kasko. Shekara goma sha biyu Iya ta yi a gindin mangwaron nan. Juma'a ɗaya ta wuce. Ta biyun jibi ce.

Na ce, "To me suke ci, ita da yaran?"

Maman Terna ta ce, "Garin kwaki. Da ruwan rijiya. Jiya na ba su ɗan manja."

Washegari Alhamis, bayan wanka, Iya na shafa wa jaririya mai a ɗakina, na tattara ƙarfin halina. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban saba musu da babba ba.

Na ce, "Iya, na warke. Gobe ki huta da ruwan nan, ki koma wajen sana'arki."

Ba ta ɗago ba. "Wane mai dogon bakin ne ya zo nan? 'Yar Binuwai ko mijinki?"

"Ma'aikaciyar asibiti ta ce ruwan ɗumi ma ya wadatar."

"Ita ma'aikaciyar 'ya'yanta nawa?"

"Iya, za a ba wata wurinki."

"A ba ta. Mangwaron na ubana ne?" Ta juya jaririyar ta ci gaba da shafa mata baya. "Arba'in ake yi. Yau sha biyu."

Ruwa na sauka a kan kwano, ƙararsa ta cika ɗakin. Can sai ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kallona.

"Uwar yaran nan, 'yata Sa'adatu, a Legas ta haifi ƙaramar. Na ce zan je, na tsaya wai sai na sallami masu bikin da suka ba ni aikin ƙosai. Kwana tara na ƙara. Da na isa, ƙafafunta sun zama kamar turmi. In ka danna yatsa, ramin ba ya tashi. Babu wanda ya dafa mata ruwa ko sau ɗaya, sanyi ya shige ta, a hannuna ta rasu." Ta miƙo mini jaririyar. "Saboda kasko. To yanzu ki ce in bar ki in koma wa kasko?"

Shekaru bayan haka na ji ma'aikatan lafiya na cewa ba rashin wankan ke kawo irin wannan kumburi ba, wai zafin ruwan da yawan kanwa ma kan jawo shi. Ko na san haka a ranar, ban ga bakin da zan faɗa mata da shi ba. Kuma ban taɓa faɗa mata ba, har rikicin da ya raba garin nan ya kwashe mu, ita ta koma Unguwar Mu'azu wajen ɗan ƙaninta, mu muka yi Unguwar Boro. Gidan hayar yana nan, na wuce ta wurin bara, ban ga fuskar da na sani ba. Masaƙar kuwa ciyawa ta fi mutum tsayi a harabarta.

Da ta fita ranar, na daɗe a zaune. In na bar ta, jibi ba ta da wurin suya, ga marayu biyu, ga shekarar da ba a san ƙarshenta ba. In na ƙi shiga wankan da gardama, na watsa mata ƙasa a ido a gaban gida, kuma na san halinta: za ta dafa ruwan ta ajiye mini a ƙofa ya huce, ta sake dafawa gobe. Magana ba za ta kai ta ƙofar masaƙa ba.

Da la'asar, lokacin da Iya ta tafi karɓo garin katako, na jawo buhun mahaifiyata daga ƙarƙashin gado na auni wake. Na ɗauko kwalbar man gyaɗa da matan zumunta na cocinmu suka kawo mini barka. Na kira Maman Terna.

Ta saurare ni har na gama, ta riƙe haɓa. "Ke? Ke da ko kaza ba kya iya kora?"

"Za ki iya markaɗa shi a dutse kafin gari ya waye?"

"A gidan yayata, nan baya. In na yi a nan za ta ji." Ta ɗauki waken ta ɓoye a zani, ta kai ƙofa ta juyo. "In ta tsine mana, ke za ki ɗauki kaso biyu."

Yohanna ya fi ta wuyar shawo kai. Ya ce shi ba zai taɓa kayan tsohuwa ba da izini ba, ta girmi uwarsa. Na ce ba shi zai ɗauka ba, ni zan ɗauka, shi dako kawai zai yi. Ya ce in ta kira shi ɓarawo fa? Na ce ya ce matarsa ce ta aike shi. Ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba, ya ce, "Shekara bakwai da aure, yau na san wadda na aura."

Da safe, ana idar da kiran salla, na ji ƙarar butar Iya a bakin rijiya, na ji ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Na san tsawon zamanta a kan dadduma. Na kwantar da jaririya, na yafa zani biyu, na fito. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo, sanyi ya ratsa mini tafin ƙafa. Na shiga madafa na yaye buhun. Ga murhun, ta danne shi tsaf, saman ya yi sumul kamar an shafe da hannu, kwalbar na tsaye a tsakiya. Na ja shi zuwa bakin ƙofa, Yohanna ya ɗaga ya ɗaure a bayan keke. Na sauko da kaskonta da matsaminta daga ƙusa na miƙa masa.

Na ce, "Kada ka hau, tura shi za ka yi. Kada ka zare kwalbar sai ka sauke a gindin mangwaron. Kana saukewa ka kunna."

"Ba zan jira ta ba?"

"Kada ka jira."

Maman Terna ta ɓullo ta ƙofar baya da robar ƙullu a ka, ta bi shi. Ni kuma na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna a bakin madafa.

Gari ya fara haske Iya ta fito da ashana a hannu. Ta gan ni ta tsaya.

"Me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

Ta wuce ni ta shiga. Na ji ta ɗaga buhun. Ta fito.

"Ina murhuna?"

Na ce, "Yana ci a ƙofar masaƙa, Iya."

Ta dubi ƙusar da kasko ke rataye, ta dube ni. Ni dai idona na ƙasa.

"Rifkatu. Ashe shiru-shirun nan naki na ɓarayi ne."

"Ki yafe mini."

"Wa ya kunna?"

"Baban Marka. Yanzu ya kai minti ashirin."

Na ga bakinta na motsi, tana auna abin da wutar ta riga ta ci. Duk macen da ta yi layin garin nan ba ta iya jin murhu na ci babu komai a kansa ta zauna.

"Da wane ƙullu?"

"Waken da mahaifiyata ta aiko. Maman Terna ta markaɗa. Ta ce in ba ki zo da wuri ba, ita za ta fara suya."

"Innalillahi! Wannan da ke zuba gishiri kamar tana jiƙa fata? Za ta ɓata mini sunan shekara goma sha biyu a safiya ɗaya!"

Ta shiga ɗaki da sauri, ta fito da mayafi da ledar ruwa, tana faɗa wa jikokinta su kulle ƙofa. Ta kai zaure, sai ta dawo. Na ɗauka zagin ne bai ƙare ba. Ta durƙusa a gabana cikin taɓon, ta kama ƙafata ta dama, ta danna babban yatsanta a ƙaurina da ƙarfi, ta ɗaga. Ta tsura wa wurin ido. Naman ya taso nan take. Ta kama ta hagu ta yi haka. Ta daɗe riƙe da ƙafar.

Sannan ta miƙe, ta goge gwiwarta, ta ce, "Gobe ma zan duba. Kullum zan duba. Ranar da ramin ya zauna, ko gwamna ke layin ƙosai, ruwa zan dafa."

Na ce, "Na yarda."

"Ki koma ɗaki. Ɓarauniya."

Na bi ta da ido har ta fita, tana sauri tana kauce wa kwatami, ledar na kaɗawa a kanta.

Da gidan ya yi shiru, na kwashi ɗan gawayin da Yohanna ke ajiyewa don gugar kayan coci, na hura shi a kaskon wuta, na ɗora buta ɗaya. Kafin ta yi zafi na je bakin katanga na karyo reshen darbejiya da hannuna. Na juye ruwan a ƙaramar roba, ko rabi bai kai ba. Na zauna a kan turmin ni kaɗai, na tsoma ganyen na fyaɗa a bayana iya inda hannuna ya kai, na murza sauran a wuya da damatsa sosai, don in ta dawo ta sunkuyo kaina ta ji ɗacinsa a jikina.